A Daina Naɗa Leda A Bututun Man Tarakta

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya leƙa ƙarƙashin tsohuwar taraktar ƙungiya, da wuya ya rasa ganin wani mahaɗin bututun mai da aka naɗe da leda, ko zare, ko farin tef na masu aikin famfo. Ƙasan wurin da take kwana kuwa ya yi baƙi ƙirin. Mun saba da ganin haka har muna cewa halin tsufa ne. Mu dai a ganinmu ba tsufa ba ne, gyaran ne ba a yi shi bisa hanya ba, kuma lokaci ya yi da kwamitin kowace ƙungiya zai hana shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ba mai kuɗin da zai riƙa shayar da ƙasa mai.

Kafin a shafa ko a naɗa kome, sai a tambaya tukuna: a ina maƙerin wannan mahaɗi ya shirya ya tare mai? Gama ba kowane mahaɗi ne haƙoransa ke tare mai ba. Haƙora, watau abin da kanikawa ke kira tiredi.

A injin dizal, irin Perkins mai silinda 3 da ke cikin Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera a Ingila, akwai kusoshi masu rami a ciki da mai ke bi, kowace da washa biyu na jan ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Aikin haƙoran shi ne su matse, washan ne ke tare mai. Haka nan bututun ƙarfe mai buɗaɗɗen baki kamar kakaki: bakin ne ke zama daram a kan ɗan'uwansa, noti ya danne shi. Wanda ya naɗa tef a haƙoran waɗannan ya toshe taga ne ya bar ƙofa a buɗe. Har ma tef ɗin kan hana noti kaiwa inda ya kamata, yoyon ya ƙaru. Magani shi ne sabon washa. In babu, a ɗauki tsohon a kai shi nesa da tarakta, a gasa shi har ya yi ja, ya huce, a goge shi sarai. Wuta takan mayar wa jan ƙarfe taushinsa, ya sāke kamawa.

Inda haƙora ke tare mai da kansu shi ne mahaɗi mai tsukewa, wanda bakinsa ya fi gindinsa siranta kaɗan, yana ƙara tsauri sa'ad da ake murɗa shi. Irinsa akan samu a famfon da ke gindin tanki, da wurin da mai ke shiga kafireto. Nan ne kaɗai abin shafawa ke da wurin zama. Amma nan ma akwai tarko. Ƙananan taraktocin lambu na Amurka, irin John Deere 110 da aka fara ƙerawa a 1963, yawancin mahaɗansu masu tsukewa suna bin awon Amurka da ake kira NPT, kayan Ingila da yawa kuwa suna bin BSP. A mai girman kashi 1 cikin 8 na inci, na Amurka haƙora 27 gare shi a kowane inci, na Ingila 28. Bambancin haƙori ɗaya tak! Ido ba ya rabe su. Zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya, sa'an nan ya cije, mutum ya ɗauka ya kama, ya ƙara masa sifana, haƙoran su cinye juna. Saboda haka wanda aka aika kasuwa ya tafi da tsohon a aljihu, a gwada sosai kafin a biya.

To, me za a shafa? Mun fi yarda da man shafawa na haƙora wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure fetur da dizal. Kamfanonin Permatex da Loctite suna yin irinsa, amma ba duk kayansu ne na mai ba, sai a sa mai karatu ya duba. Gam ɗin silikon da ake liƙa gasket da shi bai dace ba sam, gama fetur yakan kumbura shi ya saki. Farin tef kuwa, gaskiya fetur ba ya cinsa. Laifinsa shi ne yagewa. Ɗan ɓarɓashinsa da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya toshe ramin kafireto, inji ya riƙa tari yana mutuwa a tsakiyar huɗa, a kwana uku ana zargin fulogi. A dizal, in ya shiga bayan filta, famfon injekta zai nufa, kuma kowa ya san gyaran wannan ba na ƙauye ba ne. Ko man shafawa ne ko tef, a bar haƙora biyu na baki tsirara. A murɗa da hannu har ya tsaya, a ƙara kamar zagaye biyu da sifana, a dakata. Ƙarfi ba gwaninta ba ne a nan: mahaɗi mai tsukewa kamar tsinken tsaga itace yake, yakan fasa jikin kafireto.

Wani zai ce, "Ku kuna magana daga ofis. In mai ya ɓalle a gona, gari da nisa, hadari ya haɗo, me za mu yi?" Maganarsa tana da kama. Sabulun wanki da aka murza a wurin yakan tsai da yoyon fetur na ɗan lokaci, domin fetur ba ya narkar da shi. A yi haka a iso gida. Abin da muke ƙi shi ne gyaran isa gida ya zama na shekara biyu, mai yana ɗiga kusa da salansa mai zafi da wayar batir, ga tarakta tana kwana dab da rumbu.

Akwai kuma yoyon da ba a gani. A dizal, mahaɗin da ke tsakanin tanki da famfo yana iya shaƙar iska ba tare da ya zub da ko ɗigo ba. Alamarsa ita ce inji ya ƙi tashi da safe sai an fitar masa da iska. Su kuwa bututan da ke kai mai ga nozul, kada kowa ya lalube su da yatsa inji yana aiki. Ƙarfin man da ke ciki ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 50, yakan huda fata ya shiga nama. A kara kwali a gani.

Muna roƙon kwamitoci su sa wannan magana cikin taronsu kafin ruwan fari. Ma'aji ya fitar da kuɗin washa iri iri, da man shafawa guda, da sabon tiyo na mai, a sa a gwangwani mai murfi a hannun direba, sakatare ya rubuta abin da ke ciki. A kuma wanke injin, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana, da safe shugaba da direba su je su duba tare.