An yanka kuɗin lafiyarmu ba a tambaye mu ba

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Mu masu masaukin baƙi, shekara da shekaru ko rabin wannan ba ma kaiwa. Shi ya sa fiye da kashi 70 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita: a sayar da akuya, a jinginar da gona, a ci bashi.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake kasafta ɗan abin da aka ware ɗin. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya, kuma sai a 2018 ya shiga kasafi. A 2022 Buhari ya sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya, NHIA, aka ce talakawa miliyan 83 za su amfana. To, wa ke tantance talakan? Wa ya zauna ya ce wannan magani yana cikin inshora, wancan kuma ka je ka saya? Uwar da ke kwana asibiti da ɗanta mai sikila, an taɓa kiranta ta faɗi abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya? Masu yanke hukuncin nan, da ciwo ya taɓa su jirgi suke hawa!

Kowa ya san kuɗin ba zai wadatar ba, dole wani ya jira. Wanda aka ce ya jira kuwa yana da haƙƙin sanin dalili, da ƙofar da zai buga idan an zalunce shi. Tailan ta fara inshorar kowa da kowa a 2002, kuma ƙungiyoyin jama'a na da kujeru a hukumar da ke tafiyar da ita, har majinyata kan ba da shawarar maganin da za a ƙara. Me ya hana mu?

A liƙa sunayen talakawan da aka zaɓa su amfana da inshorar a kowace mazaɓa, a bayyana ma'aunin. A karanta jerin magunguna a rediyo, da Hausa da sauran harsunanmu. Kowane asibitin sha-ka-tafi ya rubuta a bango nawa ya karɓa, ran yaushe, kuma me aka saya da shi.