Ciki Biyu Da Falo Ba Ya Maye Gurbin Gonar Gado

Akwai wata magana wadda ya kamata malamai da 'yan kasuwar ƙasar Gaya su zauna su auna ta tun ba ta zama jiki ba, watau maganar gidajen zamani da ake talla a garuruwan da ke bakin hanyar Kano. Irin gidan nan ne mai ciki biyu da falo, da kicin da banɗaki duk a ƙunshe ƙarƙashin rufi guda, wanda 'yan boko ke kira fulat. Wani a ƙasa yake, wani kuwa a saman bene, da maƙwabci a ƙarƙashinsa da maƙwabci a gefensa. Dillali ya kan nuna hotonsa a waya, ga tayil yana ƙyalli, ga fenti fari fat, ya ce, "Alhaji, ai wannan ba a barinsa ya kwana. Ka yi asuba a gida, hantsi ya same ka a rumfarka."

To, wanda ake nufi da tallan nan shi ne irin mutumin Kademi ko Ajingi wanda abincinsa ya koma birni, ko yana da teburin yadi a Kantin Kwari, ko yana awo a Dawanau, ko yana cikin 'yan goro a Mariri, ko kuwa malami ne mai koyarwa a wata Islamiyya. Gidan cikin birni ya fi ƙarfinsa, zaman ƙauye kuma ya yi masa nisa, don haka sai a nuna masa tsakiya, garin da za a riƙa kwana a cikinsa ana wuni a wani. Tun da aka ba da aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri a 2006, garuruwan da ke kanta suka shiga idon masu gini. Wudil, wadda ke kamar kilomita 40 daga Kano, ta sami jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, ga kuma makarantar horon manyan 'yan sanda, ga kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Ta gabas kuwa ga Dutse, wadda ta zama hedkwatar Jihar Jigawa a 1991, tana jan nata ma'aikatan. Ƙasar Gaya ta sami kanta tsakanin birane biyu, kowanne yana miƙo hannu.

Kada a zalunci gidan nan, yana da nasa alheri. Ginin bulo ba ya neman yaɓe kowace kaka, ba ya sa maigida kwana a zaune in hadari ya haɗo. Mutanen Ajingi ba su manta da damunar 2022 ba, wadda ta rushe ɗaruruwan gidaje a ƙasarsu. Saurayin da ya yi auren fari, ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ciki biyu da falo ya ishe shi har ya yi saura. Ba kuwa haramun ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne ga fiƙihu. Masu karatun Muhtasar na Halil sun san an halatta sayar da sararin da ke bisa wani gini, har ma da wanda ke bisa wancan, muddin an siffanta ginin da za a yi. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ma ta yi hukunci tsakanin mai ƙasa da mai bene, ta ɗora gyaran ƙasan a kan mai shi, ta ce a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa mai iya gyarawa. Malaman Ƙairawan da Misira sun san zaman bene tun ƙarnuka da dama da suka wuce.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin biyan kuɗin. Ɗan tebur ba shi da miliyoyi a ajiye, jarinsa yana cikin kaya. Abu guda da yake da shi wanda za a saya nan take a ba shi kuɗi dunƙule, shi ne rabonsa na gonar da uba ya bari. Nan ne fa ya kamata a tsaya, domin wanda ya sayar da gona ya sayi ciki biyu da falo ya saki reshe ya kama ganye.

A fara duba gidan da kansa. Gidan Bahaushe abu ne mai rai, yana girma tare da mai shi. A kan soma da zaure da ɗaki ɗaya da danga. In an ƙara aure a ƙara ɗaki, in yaro ya balaga a yi masa shago a ƙofar gida, in ya yi aure a yanka masa sashe, in tsohuwa ta rasa miji a dawo da ita a yi mata nata kusa da rijiya. Fulat kuwa yadda aka haife shi haka zai tsufa. Bango huɗu ne, ba a tura ɗaya gaba. Shari'a ta yi umarni a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, Suratun Nur kuma ta ambaci lokatai uku da yaran gida za su nemi izini kafin su shiga wurin manya. Mai 'ya'ya shida, maza da mata, yaya zai yi da ɗaki biyu? In ya ba 'yan mata guda, samari sai falo, falon nan kuwa shi ne wurin baƙo, shi ne wurin cin abinci, shi ne hanyar banɗaki. Batun mace ta biyu ba a ma tayar da shi, tun da malamai sun san ba a haɗa kishiyoyi a mazauni guda sai da yardarsu, yardar da aka samu don babu yadda za a yi kuwa ba ta daɗewa.

Sa'an nan babu zaure, kuma wannan ba ƙaramin rashi ba ne ga masu karanta wannan shafi. Zaure shi ne makarantar malam, inda ake biya allo da asuba, manya kuma su zo da littattafansu bayan la'asar. Shi ne ofishin attajiri, inda bafatake ke sauke kaya, a yi ciniki, a ƙirga kuɗi, a ci tuwo, ba tare da baƙo ya san ko launin zanen matar gida ba. A nan ake raɗa suna, a nan ake ɗaura aure, a nan ake zaman makoki. A fulat kuwa ƙofa ɗaya ce, wanda ya ƙwanƙwasa ta ya riga ya shigo tsakar gida. Malamin da ya koma can, ko dai ya sallami almajiransa, ko ya tsare iyalinsa a uwar ɗaka tun safe har dare. Wanda ya zana gidan nan ya zana shi ne domin mutanen da ke ganawa da baƙinsu a wani wuri dabam, ba su da laifi, al'adarsu ke nan.

Akwai kuma ƙananan abubuwa waɗanda dillali ba ya faɗa. Ina za a kafa turken ragon layya? Ina kaji za su yi kiwo, su da su ne asusun matar gida? Matar da ta saba daka, in ta sa turmi a saman bene, kafin ta yi luguden farko maƙwabcin ƙasa ya hauro. In injin rijiyar burtsatse ya tsaya, ɗan garuwa ba ya hawa matakala a kan kuɗin da yake kai ruwa ƙasa. In bazara ta yi, bangon siminti da rufin kwano su kan riƙe zafi har tsakar dare, alhali soron ƙasa mai kaurin bango yana da sanyinsa ko babu lantarki, tsakar gidan da za a shimfiɗa tabarma a sha iska kuwa babu ita.

Na biyu, a duba kuɗin mota, domin gidan garin kwana da hanya ake sayensa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ɗan kasuwa ya san lissafi, ba sai an koya masa ba. Ya ɗauki kuɗin zuwa da dawowa na yini guda, ya haɗa da na A Daidaita Sahu daga tasha zuwa kasuwa, ya buga sau kwanakin da yake fita a shekara. Abin da ya fito haya ce yake biya, sai dai direba ke karɓa maimakon mai gida, kuma haya ce wadda ake ƙara ta ba tare da an yi shawara da shi ba. Ban da wannan ga Magariba da ke riskarsa a cunkoson Hotoro, ga yara da ba sa ganin ubansu sai ranar da ba kasuwa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Jihar Kano ta gina manyan rukunan gidaje uku a bayan gari, Kwankwasiyya da Amana a hanyar Zariya, Bandirawo a hanyar Katsina. Gine-gine ne masu kyau, da tituna a shimfiɗe. Duk da haka da yawansu suka shekara da shekaru a kulle, har a 2025 gwamnati ta ba masu su wa'adi su tare ko su sa 'yan haya, in ba haka ba a karɓe. Idan gidajen da ke bakin birni sun yi jiran mazauna haka, mai sayen ciki biyu a nesa da su ya tambayi kansa wa zai saya daga hannunsa ranar da jari ya karye yana neman kuɗi da gaggawa. Gona kuwa ko a shekarar fari ba ta rasa mai taya ta, kafin a kai ga sayarwa ma ana iya ba da ita aro ko haya a ci gaba da mallakarta.

Na uku shi ne takarda, kuma nan ne aka fi cutar wanda karatunsa na allo ne. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. A birni shi ke ba da takardar shaidar mallaka, galibi ta shekara 99, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙo bisa al'ada, kuma sayarwa ba ta cika a idon doka sai da amincewar hukuma. Mai sayen ɗaki a saman bene ya tambaya, filin da ginin ke kai sunan wa ke jikin takardarsa? Shin an jinginar da ita a banki? In rufi ya yi yoyo ko masai ya cika, wa zai biya? Wanda aka ce ya kawo kuɗi tun ana haƙa harsashi, ba a rubuta faɗin ɗaki da irin kayan gini da ranar miƙa mabuɗi ba, ya yi cinikin biri a sama, shi ne garari da littattafai suka hana. In kuma aka ce ya biya sannu a hankali, ya bincika ko da ruwa a ciki. Asusun gidaje na tarayya da aka kafa a 1992 yana yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci, rancensa da aka saba kuwa yana da ruwa kashi shida cikin ɗari. Tun 2012, da bankin Jaiz ya buɗe, an sami bankunan da ke ciniki ta hanyar murabaha da ijara, amma suna kaɗai ba ya halatta ciniki, sai an kai takardar gaban malamin da ya san babin buyu'u an fassara masa ita sharaɗi bayan sharaɗi.

Daga ƙarshe akwai ranar da kowa zai tafi. Gona ana sa igiya a raba ta, namiji ya ɗauki nasa, mace ta ɗauki nata, matar mamaci ta sami tumuninta, kowa ya shuka gero a rabonsa. Gidan gargajiya ma a kan ja katanga a fitar da ƙofa. Ciki biyu da falo fa, a tsakanin magada goma? Hukuncin Malikiyya a fili yake, abin da ba ya rabuwa sai da ɓarna, in ɗaya daga masu shi ya nemi a sayar, a kan tilasta wa sauran. Watau ranar da aka share makoki, ranar ce marayu za su fara neman wurin kwana, kuɗin da kowa zai samu kuwa ba zai sayi ko fuloti ba. Su juya Kademi, gonar tana hannun wani. Mai niyyar sayar da rabonsa a gonar da ba a riga an raba ba ya kuma tuna 'yan'uwansa suna da haƙƙin shuf'a, su ne farkon waɗanda za a yi wa tayi.

Masu gini da hukumomin Gaya da Ajingi suna da abin yi a nan. Maimakon a kwafo zanen Legas a dasa a bakin titi, a yanka filaye masu faɗi, a gina zaure a gaba da ƙofarsa dabam, da ɗaki biyu da kewaye a ciki, a bar sauran fili a katange domin mai gida ya ƙara da kansa in Allah ya hore masa. Siminti da rodi ba su hana a yi zaure ba, magina ne ba a ce su yi ba. Irin wannan ba zai kwana a kulle ba, domin malam zai so shi, ɗan kasuwa zai so shi.

Shi kuwa wanda tallan ya riga ya shiga ransa, ya kama irin gidan haya a garin da yake so, ya zauna shekara guda cur, ya ga bazararsa ya ga damunarsa, yana rubuta kuɗin mota da na ruwa a bayan littafin bashi. Gonar ya bar ta a hannun ƙaninsa a noma, a kawo masa dawa da wake in kaka ta yi. In shekara ta zagayo yana nan a kan bakansa, ya saya da ribar kasuwa, ko da zai ɗauki shekara biyar yana tarawa.