Ƙadangaren Abzin a hoton masu sayarwa

A Faransa da Jamus akwai masu kiwon ƙadangare a ɗaka don sha'awa, har da mai ƙaya a wutsiya na duwatsun Abzin, wanda masana ke kira Uromastyx geyri. Mai sayarwa yakan ɗauke shi hoto bayan ya sha rana, jikinsa ya yi ja ko ruwan ɗorawa. Kafin ya isa hannun mai saye cikin kwali, sanyi ya mayar da shi toka-toka, sai gardama ta tashi. Hoton bai yi ƙarya ba: dabbar ce ke duhunta fatarta domin ta kama zafi. Amma wanda ya ƙara launi da salula, ko ya nuna namiji ya aika mace, wadda ba ta kai shi haske ba, ha'inci ya yi.