SANA'A SA'A: Fitila bisa kwamin kifi

Daga Madarunfa zuwa Tabalak da Gidimuni, mutane sun daɗe da sanin su. Yanzu kuma wasu manoma suna kiwon tarwaɗa a gida ko a garka, cikin kwamin siminti. Abin da ya fi cin kuɗinsu shi ne abincin kifi. To, akwai abincin da ba a saye: ƙwarin dare. Ƙwaro yana bin haske. In an rataye fitila bisa ruwa, ƙwari su taru, su faɗa, kifi ya haɗiye. Mai kiwo yana iya haɗa wannan fitila da hannunsa.

Kayan aiki

Ana bukatar fitilar LED mai kama da ɗamara, ta volt 12, tsawon metir 1. Mai ƙwaya 60 ƙanana wajen wat 5 take ci. A zaɓi mai farin haske tas, don ta fi mai ruwan ɗorawa jawo ƙwari. Sai batir na babur mai volt 12, da ƙaramin panno na hasken rana mai wat 10 ko 20, da ɗan akwatin da ke tsare batir kada caji ya yi masa yawa. A ƙara da waya ja da baƙa, da makunni, da sikoc, da guntun tiyo na ƙarfe, da gorar roba mai haske wadda aka wanke ta bushe.

Yadda ake haɗawa

1. A naɗe ɗamarar jikin tiyon ƙarfe. Ƙarfen yana shanye zafi, fitila ta daɗe. In ta yi tsawo, kada a yanke ta ko'ina: bayan kowace ƙwaya 3 akwai alamar wurin yanka.

2. A duba alamu biyu a bakinta. Jar waya ta tafi wurin (+), baƙa ta tafi wurin (–). In an juya su, fitila ba ta kamawa. Sai a sake.

3. A sa makunni bisa jar waya. A naɗe kowane mahaɗi da sikoc, kada wayoyi biyu su taɓa juna su yi wuta.

4. A huda marfin gora, a zura waya, a sa fitila ciki, a rufe. A rataye gorar bakinta na kallon ƙasa, don ruwan sama kada ya shiga.

5. A gitta icce mai ƙarfi bisa kwami. Gora ta sauko tsakiyar ruwa, kamu 1 tsakaninta da shi. Batir ya zauna cikin inuwa, wuri busasshe, nesa da yara.

Yaushe ake kunnawa?

Daga magariba zuwa bayan lisha, awa 2 ko 3 sun isa. Lokacin ne ƙwari suka fi tashi, musamman da damina, ranar da shinge ya fito bayan ruwa. Tarwaɗa kifin duhu ce. In haske ya kwana a kanta, ba ta samun hutu, faɗa ya yawaita, manya su ji wa ƙanana ciwo. Ƴaƴan kifi sabon ƙyanƙyasa kuwa ba a sa musu fitila sam.

Hattara

Kada a ja wutar gari mai volt 220 zuwa bisa ruwa. Ita tana kashe mutum nan take in hannunsa na jiƙe. Volt 12 ba ta yin haka. Ranar da aka fesa maganin ƙwari a gonakin kusa, a bar fitila kashe, don ƙwaron da ya sha guba yana kai ta cikin kifi. Lokacin da hatsi ke bununi, hangara ma tana bin haske, kuma tana ƙona fata. Saboda haka kada yara su taru gindin fitila.

Ƙwari ƙari ne, ba su maye gurbin abincin safe da na marece. Amma mai kiwon da ya rubuta cikin littafinsa mudu nawa yake bai wa kifi kowane mako, shi da kansa zai ga ko fitila ta biya kuɗinta kafin kaka.