Shin Jahannama Za Ta Zama Wayam?

A watan Janairu 2024, marigayi Fafaroma Francis ya faɗa a wata hira da gidan talabijin a Italiya cewa yana son ya ɗauka babu kowa a Jahannama. Ya ce fatansa ne, ba ƙa'idar bangaskiya ba, amma maganar ta ta da tsohuwar muhawara. Makonni uku kafin nan, a lokacin Kirsimeti, aka kashe mutane fiye da 100 a Bokkos da Barkin Ladi. Wanda ya binne 'ya'yansa a wannan mako zai tambaya: ashe masu kisan ma za su tsira?

Ra'ayoyi uku ne suka fi fitowa a tarihin ikilisiya. Na farko, wanda Agustin ya kāre kuma yawancin ikilisiyoyi suka riƙe, shi ne azaba marar ƙarewa. Na biyu ya ce bayan shari'a marasa tuba za su hallaka ƙurmus, su daina kasancewa. John Stott ya nuna karkata ga wannan a 1988. Na uku, wanda ake dangantawa da Orijen, ya ce a ƙarshe kowa zai sami ceto, amma ikilisiya ta ƙi shi tun ƙarni na shida.

Littafi Mai Tsarki bai bar wa ra'ayi na uku wurin tsayawa ba. A Matiyu 25:46 kalmar Helenanci guda ce ta siffanta rai da hukunci, don haka in rai madawwami ne, hukuncin ma haka yake. Luka 16 ya nuna rami tsakanin mai arziki da Li'azaru wanda ba a haye shi. A 2 Tasalonikawa 1:9 Bulus ya nuna cewa ainihin hukuncin shi ne a raba mutum da fuskar Ubangiji har abada.

Wannan ta'aziyya ce ga gwauruwa da maraya. Ko kotun duniya ba ta kama kowa ba, babu jinin da ya ɓace wa Allah. Shi ya sa Romawa 12:19 ya hana mu ramuwa: shari'ar tana hannun Mai ita.

Amma 'yan'uwa, gargaɗi ne kuma a gare mu. Ezekiyel 33:11 ya nuna Allah ba ya murna da mutuwar mugu, tubansa yake so. Shawulu ya amince da kisan Istifanas, alheri kuma ya mai da shi manzo. Mai bi da ke ɗokin ganin maƙiyinsa a wuta ya manta cewa shi ma jinin Almasihu ne ya fanshe shi. Fatan Francis ba koyarwar Nassi ba ne, amma marmarin kada kowa ya hallaka yana cikin 2 Bitrus 3:9. Mu nemi adalci a gaban hukuma, mu yi wa masu tsananta mana addu'ar tuba, mu kai bishara tun ƙofa tana buɗe.