Shari'a na jiran fayil, marayu na jiran shari'a

Duk wanda ya taɓa raka wani kotu a ƙasar nan ya san bencin nan da ake ajiyewa a baranda, inda talakawa kan zauna tun hantsi suna jiran a kira shari'arsu. Na shafe fiye da shekara biyu ina komawa kan irin wannan benci lokaci zuwa lokaci, kuma abin da na gani a can shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau, domin mu dubi wani ofishi da ba a cika maganarsa a shafukan jaridu ba, alhali kuwa makomar ɗimbin bayin Allah a hannunsa take, wato ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati.

Wata ƙanwata ce, 'yar ƙanin mahaifina, ake aurenta a wani ƙauye da ke bakin fadamar Rima. Mijinta manomin shinkafa ne. Wata rana da dare a lokacin noman rani ɓarayi suka je ɗauke masa injin ban ruwa, ya yi gardama, suka sassare shi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Cikin mako guda aka kama samari uku, aka gurfanar da su a wata kotu da ba zan ambata ba, alƙali ya ce ba shi da hurumin sauraron shari'ar kisa, ya tura su gidan yari, ya sa rana. Daga nan ne muka shiga zirga-zirga. Ta sayar da akuya ta yi kuɗin mota, mu zo mu zauna, azahar ta yi a ce mana an ɗage, ana jiran shawarar lauyoyi. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata inda fayil ɗin yake, ko abin da ake jira a cikinsa. A kan bencin nan kuma, kusa da ita, akwai wata dattijuwa, mahaifiyar ɗaya daga cikin samarin, wanda duk ƙauyen sun san yana wurin cin rani daren da abin ya faru. Wata rana muna fitowa ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, wai shin mu munka yi laifin ne?" Na rasa amsar da zan ba ta.

Sa'ad da shawara ta fito, aka sallami ɗan dattijuwar nan saboda babu hujja a kansa, bayan ya ci damina biyu a tsare. Shaidu biyu da ake taƙama da su kuwa, ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi Kudu neman abinci, ɗan sandan da ya yi bincike kuma an yi masa canjin wurin aiki. Ƙanwata ta daina zuwa. Ta ce ta bar wa Allah.

Domin mai karatu ya gane inda gizo ke saƙa, ya kamata mu bi hanyar da fayil ke bi. Sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Antoni-Janar na jiha ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe wadda wani ya shigar, da kuma janye ta kafin a yanke hukunci. A aikace, sashen Daraktan Gabatar da Ƙararraki da ke Ma'aikatar Shari'a ne ke ɗauke da wannan nauyi. Ƙananan laifuffuka galibi 'yan sanda ne ke gabatar da su a kotunan majistare da na shari'ar Musulunci. Manyan laifuffuka irin su kisan kai da fashi da makami kuwa, sai an aika kundin bincike ga lauyoyin gwamnati, su karanta, su ce ko akwai hujjar da za ta tsayu a gaban Babbar Kotu ko babu. Kafin su faɗa, majistare ba abin da zai iya sai tsare wanda ake zargi da ɗage zama, kuma Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan tsarewa a hukuncinta na 2007 a shari'ar Lufadeju da Johnson. Ashe ke nan wannan teburi shi ne maƙogwaron shari'ar laifi baki ɗayanta. In ya toshe, alƙali komai adalcinsa sai ya naɗe hannu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali suka daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ba da kwana 14 a fitar da shawara bayan kundin 'yan sanda ya iso. Ta ƙayyade umurnin tsarewa na farko da kwana 14, wanda ba a sabunta shi sai da dalili. Ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum idan an fara, in hakan ya faskara kada wani ɓangare ya nemi ɗagewa fiye da sau 5. Ta umurci majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga waɗanda ke tsare. Jihar Kebbi ta yi tata dokar a kan wannan tubali a 2021, zamanin Gwamna Atiku Bagudu, wanda kuma kafin ya sauka a 2023 ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a da ta kare haƙƙin yara. Saboda haka ta fuskar rubutu an yi aiki. Abin da ya rage shi ne a ga rubutun ya sauko daga takarda ya iso kan benci.

Adalci ne in faɗi cewa lauyoyin gwamnati ma suna da nasu kukan, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jiha ce mai ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, daga Kamba a bakin iyaka har zuwa ƙasar Zuru. Lauya ɗaya kan tashi da safe da shari'u a kotuna daban-daban, ya dawo ya tarar da tulin kundaye na jiran shawara. Sau da yawa kundin kan zo ba rahoton likita, ba adireshin shaidu, ba abin da ke ciki sai takardar amsa laifi da wanda ake zargi zai musanta ranar farko. Lauyan da ya ƙware kuma, da ya samu inda ya fi albashi sai ya yi gaba. Na yarda da duk wannan. Amma mai kaya da yawa shi ya fi kowa bukatar tsari, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abu na farko shi ne ƙidaya. Ya kamata a ce akwai rajista guda, a kwamfuta, da ke nuna ranar da kowane kundi ya shigo, da lauyan da aka ba, da kwanakin da ya yi a hannunsa, da ko wanda ake zargi na tsare ko yana kan beli. Duk kundin da ya haura wa'adi sai ya hau teburin Darakta da kansa. Kowane wata uku kuma Ma'aikatar Shari'a ta fito ta faɗa wa jama'a adadin kundayen da suka shigo, da waɗanda aka ba da shawara a kansu, da waɗanda suka kai ga hukunci. Ta haka ne Majalisar Dokoki za ta san ko lauyoyi nawa ake bukata idan ana maganar kasafin kuɗi, ta haka ne kuma za a san laifin da ke wuyan 'yan sanda da wanda ke wuyan lauyoyi, a daina jifan juna da shi.

Na biyu shi ne tankaɗe da rairaya. A Ingila, hukumar gabatar da ƙara da aka kafa a 1986 tana auna kowace ƙara da tambayoyi biyu: shin hujjar ta isa a sa ran samun mutum da laifi, kuma shin maslahar jama'a na bukatar a yi shari'ar? Wadda ta faɗi a tambayar farko ba ta zuwa kotu. Da an yi wa kundin mijin ƙanwata irin wannan duba a watan farko, da ɗan dattijuwar nan ya koma gida da wuri, da kuma an tattara ƙarfi a kan sauran biyun tun shaidu na kusa. Rikicin iyakar gona da bashi da faɗan maƙwabta kuwa, a mayar da su ga sulhu a gaban hakimai da malamai, lauyoyi su samu sararin fuskantar jini da fashi da fyaɗe.

Na uku, a kusantar da lauya ga inda laifi ya faru. A ƙarfafa ofisoshin shiyya ta yadda kundin da ya taso daga Augie ko Kangiwa za a iya duba shi a Argungu, lauya ya zauna da ɗan sanda mai bincike tun sawun ɓarawo bai goge ba, ya ce masa je ka samo kaza, ka ɗauki bayanin wane. Gyaran kundi a makon farko ya fi sauƙi a kan gyaransa bayan shekara.

Sai babbar magana, wato wanda aka zalunta. A tsarin da muka gada daga Turawa, shari'ar laifi tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma. Matar mamaci shaida ce kawai, in ma an bukace ta. Wannan baƙon abu ne ga tunanin mutanenmu, domin a shari'ar Musulunci, wadda jihar nan ta faɗaɗa aiki da ita zuwa laifuffuka a shekarar 2000, waliyyan mamaci su ne masu haƙƙi, su ake tambaya ko ƙisasi suke so, ko diyya, ko yafiya. Hatta dokar Final Kod ta tsohuwar Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, dokar 2015 kuma ta ƙara faɗaɗa wannan. Sai dai alƙali ba ya ba da abin da ba a roƙa ba, kuma mai gabatar da ƙara ne ya kamata ya roƙa, ya kawo rasiɗin asibiti da kuɗin injin da aka sace.

Don haka ina ba da shawarar a buɗe teburin kula da waɗanda aka zalunta a hedikwatar ma'aikatar da ke Birnin Kebbi da kuma kowace shiyya, a sa ma'aikata maza da mata masu jin Hausa da Fulfulde da Zabarmanci da Dakarci. Aikinsu shi ne su riƙe lambar wayar mai ƙorafi, su sanar da shi ranar zama, su gaya masa tun da dare idan za a ɗage don kada ya ɓarnatar da kuɗin mota, su bayyana masa dalili idan an ba da beli ko an janye ƙara. A ware ɗan kuɗi na sufurin shaidu, domin shaidar da ya bar gonarsa sau uku a banza ba zai zo na huɗu ba. Ga yarinyar da aka yi wa fyaɗe kuwa, lokaci shi ne komai, tunda maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, hujjar likita ma ba ta jira. A Afirka ta Kudu, hukumar gabatar da ƙara ce ke jagorantar cibiyoyin Thuthuzela da ke cikin asibitoci, inda likita da ɗan sanda da mai kwantar da hankali ke wuri guda, ga kuma jami'in da ke bin shari'ar har ƙarshe. Maƙwabtanmu na Sakkwato sun buɗe Cibiyar Nana Khadija a 2020 a kan irin wannan manufa. Abin da ake bukata a nan shi ne kowane babban asibiti, daga na Sir Yahaya har na Argungu, ya kasance da hanya miƙaƙƙiya tsakaninsa da teburin lauyan gwamnati, kada uwa ta riƙa yawo da 'yarta ofis-ofis tana maimaita abin kunya.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Mu ne muke ganin abu da idonmu, a kira mu shaida mu ce ba ruwanmu. Mu ne muke tara dattawa a zaure mu matsa wa uban yarinya ya janye ƙarar fyaɗe wai don rufin asiri, mai laifi ya koma unguwa yana neman ta gaba. Mu 'yan boko kuma, da namu ya faɗa hannu sai mu kama buga waya sama. Lauyan gwamnati ba zai ci shari'a ba shaida ba, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ce ta takardu kawai. Talakan da ya yanke ƙauna daga kotu ba ya daina neman haƙƙinsa, wata ƙofa yake nema. Daga nan ake samun ɗaukar doka a hannu, a kama ɓarawo a kasuwa a kashe shi nan take, wani lokaci ma ba shi ba ne. Rahotanni sun nuna cewa Lakurawa sun fara samun gindin zama a wasu ƙauyukan Tangaza da Gudu na Jihar Sakkwato ne da sunan kare jama'a daga ɓarayin shanu da raba musu gardama, kuma mun ga abin da suka aikata a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a watan Nuwamban 2024. Duk gurbin da hukuma ta bari, wani zai cike shi da bindiga.

A wannan ƙasa ce Malam Abdullahi na Gwandu yake kwance, malamin da ya rubuta Liya'ul Hukkam domin shiryar da masu mulki da alƙalai a kan tsayar da adalci. Bai kamata a ce a ƙasarsa marayu suna girma ba su san yadda aka ƙare da jinin ubansu ba. Ina kira ga Antoni-Janar da Babban Jojin Jiha da Kwamishinan 'Yan Sanda da su zauna a teburi guda, su fara da ƙidaya kundayen waɗanda suka haura shekara a tsare, su sa wa kowanne rana. Ina kuma kira ga 'yan Majalisar Dokoki da su tambayi kuɗin shaidu da na ɗaukar lauyoyi kamar yadda suke tambayar kuɗin hanyoyin mazaɓunsu.

Babban ɗan ƙanwata yanzu ya isa riƙe fartanya, shi ke noma gonar ubansa. Kwanan baya ya tambaye ni ko an yanke wa mutanen nan hukunci. Ina fata ranar da zai sake tambaya, akwai ofishin da zan kai shi a buɗe rajista a ba shi amsa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya idan an kira mu shaida, amin.