Kiɗan DJ a Fagge da Sabon Gari: A tsara sana'ar, kada a tura ta ɓoye

Yau da wuya a yi biki a Fagge ko Sabon Gari ba a ɗauko DJ ba. Matashi ɗaya da laftof da manyan sifiku da janareto ya maye gurbin tawagar masu kalangu. A bayansa akwai mai haɗa kiɗa a kwamfuta cikin ɗan ƙaramin situdiyo, da 'yan dawunlodin masu tura wa jama'a waƙoƙi a waya, da mai ba da hayar sifiku. Dukkansu a nan suke cin abinci.

Koken maƙwabta ma gaskiya ne: ƙara har tsakar dare, tare layi, cakuɗuwar maza da mata, wani lokacin har da faɗan daba. A 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta bikin Ƙauyawa. Wasu na ganin a haɗa da DJ ɗin baki ɗaya a huta.

A nan muka saɓa da su, domin Kano ta taɓa gwada wannan magani. A Disambar 2000 gwamnati ta dakatar da harkar fim, amma a 2001 sai ta kafa hukumar tacewa, harka ta dawo bisa ƙa'ida. Da aka tsananta bayan 2007, zamanin Abubakar Rabo, 'yan fim da dama sun koma Kaduna da aiki, fina-finansu kuma ba su daina shigowa Kano ba. DJ ya fi ɗan fim sauƙin ɓuya, tunda sana'arsa a jakar goyo take. In aka kore shi daga zauren biki, zai koma inda babu mai sa ido.

Kuma kiɗan na'ura ba baƙo ba ne a garin nan. Waƙoƙin nanaye a kan fiyanon Yamaha aka raine su, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara wasu ya fitar a faifan "Harafin So" a 2013. Na waje sun ga darajar abin da muke rainawa.

Shawararmu: a yi wa DJ rajista da kuɗin da ba zai gagare shi ba, a ƙayyade lokacin tashi da iyakar ƙarar sifika, a hana tare hanya, a ɗora wa mai zauren biki alhakin abin da ya faru a wurinsa. A rubuta dokar a fili, ta hau kan kowa, domin Sabon Gari unguwa ce ta ƙabilu da addinai daban-daban.

Su ma DJ su kafa ƙungiya mai ladabtar da nata. Wanda bai gyara gidansa ba, wani ne zai gyara masa, kuma ba yadda yake so ba.